Injin da Na Lulluɓe Kamar Goro

Ranar da injin Hadiza ya ƙi tashi mu biyar ne a tsakar gida: ni Habsu mai goro, da 'yata Hadiza malamar lakkwal, wato makarantar boko, mai injin, da ƙanwata Rabi, da maƙwabciyarmu Ya Fanna wadda ta shigo aron taɓarya ta samu wurin zama, sai Isufu mai cajin waya da aka kira daga rumfarsa, ya zo ya tsaya a bakin zaure da hularsa a hannu. Duk suna raye, duk suna nan Durum. Wanda ya ga na ƙara wani abu ya je ya tambaye su.

Tun da na dawo daga Kano ba a bar ni na sayar da goro cikin natsuwa ba. Mace ta zo sayen ƙwara biyu sai ta tsuguna, "Iya, yaya Kano? Da gaske ke kaɗai kika je?" Na gaji da maimaitawa. Ni ban shiga lakkwal ba, ban san baƙi ko ɗaya ba, don haka na zaunar da Hadiza na ce ta buga abin da na faɗa yadda na faɗe shi, a kan injin nan da ya kai ni can. Na ce kada ta gyara mini magana, kada kuma ta tsallake wurin da ban fito da kyau ba.

Bayan koyarwa Hadiza na ƙarin karatu a Damagaram. Shekara biyu tana haɗa wani babban rubutu a kan matan da ke noman rani a fadamarmu, wanda za ta kai gaban malamanta kafin su ba ta takarda. Dukkansa yana cikin injin, odinatar ɗin nan da ake rufewa kamar littafi. Saura mako uku ta miƙa. In ba ta miƙa ba sai wata shekara, kuma daga farko.

Ran Talata da hantsi aka aiko kiranta lakkwal, ta fita da sauri ta bar shi buɗe a kan katifa. Na shiga ɗaukar tsintsiya na ji yana huci kamar ɗan akuya mai mura. Na sa hannu a ƙarƙashinsa na janye, zafi kamar gindin tukunya. Shekara arba'in ina riƙon goro a zafin ƙasar nan bai taɓa bushe mini ba, kuma abu ɗaya na sani: algarara da ruwa. Na tsoma buhu biyu a ruwan rijiya, na ɗan matse, na shimfiɗa ɗaya kusa da randar ɗakinta, na rufe injin na ɗora, na lulluɓa masa ɗayan. Kafin azahar hucin ya tsaya. Na ce ka ga, ya samu barci. Na goge shi da gefen zane na mayar inda yake. Da yamma Hadiza ta kai wa Isufu ya sa masa wuta. Ran Laraba da safe ta danna, ta danna, shiru.

Rabi ce ta fara. "Wutar ranar da Isufu ke caji da ita ce ta yi wa injin yawa. Dama na ce kayan nan nasa gwanjo ne."

Ya Fanna ta ce, "Ni ma tun da na kai masa wayata take zafi."

Isufu ya ce, "Iya, ke ce babba a nan. Wallahi wayoyi da yawa na caja jiya tare da shi, ba wadda ta yi komai." Ya dube ni. Ni kuwa na dubi turmi.

Ban ce shi ne ba. Amma ban ce ba shi ba ne, kuma a gidanmu in na yi shiru an gama shari'a. Kafin kwana biyu matan unguwa sun fara wuce rumfarsa da wayoyinsu zuwa can bakin kasuwa. 'Ya'yansa huɗu.

Yara na shirin jarrabawa, darakta ba zai saki Hadiza ba, sai na ce ni zan kai injin Damagaram. Wani mai gyara kusa da Kasuwar Dole ya tambaye ni abin da ya same shi, na ce an ce wutar mai caji ce. Ya jona shi. Ƙauri ya tashi kamar an jefa takalmin roba a murhu, ya fizge wayar da sauri. Ya ce, "Kart mer ce, Iya. Irin wannan sai Kano." Na wuce wurin Alhaji Sabi'u, Bakanon da nake sarin goro a hannunsa tun Hadiza na goye. Ya ji bayani ya ce, "Ai ƙanena Nasiru aikinsa ke nan. Ki sauka gidana, zan kira uwargida." Na kwana wurin 'yar yayata a unguwar Birni, gari na wayewa ina tasha.

Yadda zan riƙe shi ya dame ni. A jaka za a danne shi, a ka zai faɗi. Sai na naɗe shi cikin zane na goya a bayana. Direba ya gani ya ce, "Kaka, wannan jikan naki ba ya cin abinci ne? Ya yi falele!" Na ce ya kula da tayarsa. A cikin mota na sauke shi bisa cinya. Mu huɗu aka cusa a kujerar mutum uku. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, Talatu, mai kai kuka da tafasa Kano, bakinta bai rufu ba daga Damagaram har Matamai. A saman mota an ɗaure rago. Mun wuce Takeita kaɗan ragon ya saki fitsari, ya biyo taga, iska ta watso shi ciki. Ban san lokacin da na kifa a kan injin ba, duk ya sauka a bayana. Mota ta ɗauki dariya.

Talatu ta ce, "Ke kuwa Iya, ba kin ce wuta ce ta ƙona shi ba? Me ɗan ruwa zai ƙara masa?"

Na ce, "Rufe tagar."

Ta rufe, amma tambayar ta zauna mini a ƙirji har iyaka.

A Ɗan Barto aka sauke mu, kowa ya nuna kartinsa na shaida, muka taka da ƙafa, ni da goyona. A can ɓangaren Kwangwalam wani ma'aikaci mai kaki ya sa na kwance. Ya buɗe, ya ce, "Mama, kunna mu gani." Na ce ba ya tashi. Ya ce, "To gawa za ki kai Kano?" Na ce a'a, majinyaci ne, kuma yana tsayar da mu a rana. Ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, sannan ya taya ni naɗewa. Talatu ta ja ni wurin masu canji, na ba da 'yan takardun sefa aka cika mini hannu da naira. Na zaci na yi arziki, sai da na sayi ruwan leda da ƙosai a Daura na gane abin da ake ciki. Daga Kazaure ƙasa ta fara kore, su ruwa ya sauka musu, har gero ya tsaya. Na tuna mu ko iri ba mu fitar ba.

Kano na taɓa zuwa sau ɗaya ina amarya, ban gane komai ba wannan karon. Talatu, Allah ya saka mata, ba ta bar ni ba sai da ta sa ni a keken nan mai ƙafa uku da suke kira adaidaita, ta ba direban lambar uwargidan Alhaji, ta ce masa, "In ka ɓatar da ita na san fuskarka." Abin da na fara lura, kowa a garin nan sauri yake kamar an ce masa gidansa na cin wuta. Na biyu, duk mace mai furfura Hajiya ce. Ni ban je Makka ba, amma kwana uku na yi ina amsawa.

Hajiya Binta, matar Alhaji, ta karɓe ni hannu biyu. Ta ba ni ruwa na wanke fitsarin rago, ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Tuwon fari tas, amma ba ya zama a ciki kamar na hatsi, kafin la'asar na sake jin yunwa. Burodinsu kuwa taushi da zaƙi kamar na masu jego, ba irin namu dogo mai ɓawo ba. Na kwance alkakin da na riƙo mata, ta ce rabonta da irinsa tun zuwan Alhaji na azumi. Sai kukan injinan wuta: kowane gida da nasa, da zarar wutar gwamnati ta ɗauke sai unguwa ta kama ruri gaba ɗaya, su kuwa suna hirarsu a ciki kamar ba komai. Mu in rana ta faɗi ko tarin maƙwabci kana ji.

Da safe ta raka ni da kanta zuwa kasuwar masu waya da kwamfuta, haka suke kiran injin a can. Shagon Nasiru bai fi rumbu girma ba. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, da furfura a gemu da tabarau ɗaure da zare, kowa na ce masa Injiniya. Ya gaishe ni a tsugune, wannan ya yi mini. Ya ce in bar ta in dawo gobe. Na ce ban goyo abu daga Durum don in bar shi da wanda ban sani ba. Na shimfiɗa zanena a bakin shago na zauna.

Maƙwabcinsa, wani mai sayar da caja, ya leƙo ya ce, "Injiniya, yau ka samu sufeto daga Nijar."

Nasiru ya ce, "Bar ta, da irinta gara." Sannan ya juyo. "Hajiya, me ya same ta?"

Na ce, "An ce wutar mai caji ce."

Ya karɓi cajar Hadiza zai sa a bango, ta ƙi shiga. Ashe ramin wutarsu ba irin namu ba ne. Namu ƙafa biyu ne masu zagaye, nasu uku ne masu faɗi. Ya shiga tonon wani kwali yana neman abin da ke haɗa su, yana magana ba tare da ya dube ni ba.

"In wuta ce da sauƙi, yawanci ɗan abu ɗaya take ƙonawa a bakin shiga. Mu jona mu gani. In dai ba ruwa ta sha ba. Wadda ta sha ruwa ba a jona ta, duk jonawa ƙara ci take a ciki, wata rana har ta kai inda ake ajiye aikin mutum. Yawwa, ga shi."

Ya haɗa. Ya miƙa hannu wajen bango.

Na faɗa muku kada a tsallake wurin da ban fito da kyau ba. To ku sani, har hannunsa ya kusa bango ina tunanin in yi shiru. Hajiya Binta na tsaye, mai caja na leƙe, ni kuwa shekara sittin da ɗori ban taɓa cewa na yi kuskure a gaban baƙo ba. Sai na tuna Hadiza a fadama da rana tsaka tana bin mata ɗaya bayan ɗaya da littafinta, ƙafafunta duk laka.

Na ce, "Tsaya."

Ya tsaya.

Na ce, "Ya sha ruwa. Ni na ba shi."

Na faɗa musu duka, da buhun da randar da katifar. Mai caja ya ƙyalƙyale har ya dafa ƙofa. "Algarara! Injiniya, goro aka kawo maka!" Na ɗaga ido na dube shi sau ɗaya, ya koma shagonsa. Nasiru bai yi dariya ba. Ya ajiye cajar nesa da bango, ya tambaya sau nawa aka jona ta bayan nan. Na ce sau biyu, na biyun har da ƙauri. Ya ce, "To, Allah ya sa ba mu makara ba. Da kin bar ni na yi na uku, ban san abin da zan ce miki ba."

Ya kifa injin ya fara kwance ƙusoshi ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Na miƙa masa murfin gwangwanin da nake zuba kanwa, na ce a nan za a tara su, kuma duk abin da ya ciro ya faɗa mini sunansa kafin ya ajiye. Ya ce ya yarda. Ya fara zare batiri, ya ce shi ake fara rabawa da ita, don ko ba a jona ba yana tura wuta. Sannan ya nuna mini wata 'yar fanka, tafin hannun jariri ya fi ta. Ya sa tsinke ya zaro ƙura a dunƙule kamar audugar katifa.

"Kin ga mai laifi na farko. Wannan ce ke hura mata iska, ta ƙasa take shaƙa, ta gefe take fitarwa. Ƙura ta toshe ta, katifa ta rufe ƙofar. Hucin da kika ji neman numfashi take. Da ɗaga ta kawai kika yi kika ɗora a kan kujera, da shi ke nan."

Ya zaro wani siriri mai kama da cingam, ya ce ram ke nan, a kansa take baza aikin da take yi a lokacin, ana kashe ta ya zama wayam. Na ce faifai ke nan, ana gama tankaɗe a kaɗe shi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce haka ne. Sai ya ɗaga wani koren faranti mai hanyoyi-hanyoyi wanda komai ke jikinsa. Ko ni da ban san komai ba na ga ɓarna: fari-fari ya bi hanyoyin kamar bakin tabkin da ya janye, wani wuri ya yi tsanwa, wani lungu ya yi baƙi. Ya lakata ya shinshina.

"Ruwan rijiyarku na da kanwa?"

Na ce kowa ya san ruwan Durum.

"Shi ya sa. Ruwan ya bushe, kanwar ta zauna, ita ke haɗa hanyar da bai kamata ta haɗu ba. Wannan shi ne madabod, uwar kayan, abin da mai gyaranku ya kira kart mer. Ta tafi."

Na ce, "Rubutun fa?"

Ya ce rubutu ba a nan yake kwana ba. Ya kwance wani ɗan akwatin ƙarfe daga kusurwa, bai kai tafin hannuna ba, ya riƙe shi da yatsa biyu. Ya ce hadis suke ce masa, duk abin da aka adana nan yake shiga, ko an kashe ko ba a kashe ba. Na ce rumbu. Ya ce rumbu. Ya juya shi a haske yana duban bakinsa, ya goge da wani ruwa mai warin asibiti, ya sa masa wata igiya ya haɗa da tasa kwamfutar. Wata 'yar fitila ta yi ƙyaf, ta ɗauke. Ta sake yi. Hajiya Binta na salati a hankali. Ni kuwa goron da ke bakina na manta da shi.

Sai abubuwa suka jeru a gilashin. Ya ce, "Rumbu bai ci wuta ba, Hajiya."

Na ce, "Rubutun na ciki?"

Nan muka tsaya duban juna. Komai da Faransanci yake, shi kuwa ya ce ko na gaisuwa bai iya ba. Ni ba na karanta kowane iri. Muka kira Hadiza, wayarta a kashe, tana ɗakin jarrabawa. Na ce ba zan tashi da wataƙila ba. Ya yi ta buɗewa yana rufewa, sai ga hoto ya cika gilashin: rijiyar fadama, da Ya Fanna a tsaye da guga, ta ɗaure fuska kamar za a yi mata allura. Na ce wannan maƙwabciyata ce, ci gaba. Ga kabejin Rabi. Ga ni kaina ta baya, ban ma san an ɗauka ba. A wuri ɗaya da hotunan ya samu wani rubutu mai tsawo, ya yi ta ja yana tafiya ba ya ƙarewa. Na ce ta yaya zan san shi ne na ƙarshe, ba tsoho ba? Ya ce injin na rubuta ranar da aka taɓa kowane abu. Ya duba ya ƙirga da yatsa.

"Talatar makon jiya, da hantsi."

Na tofar da goron na ce alhamdu lillahi. Wannan ranar ba sai an karanta mini ita ba.

Ya juye komai a wani ɗan abu kamar yatsa, su filash suke cewa, Hadiza kile take kiransa. Ya ce in gaya mata ya yi mata faɗa, aikin shekara biyu ba a barinsa wuri ɗaya. Na ce wannan faɗan ni zan yi shi da kaina, don ni ko irin hatsina kashi biyu nake yi, rabi a rumbuna rabi a tulu a ɗakin Rabi. Uwar kayan kuwa ya ce zai nemo ta daga jikin wata irinta da gilashinta ya fashe, sai gobe. Ya so ya canza wurin dannawa ma, ya fasa, ya ce harufan namu jerin Faransa ne, na Kano in ya sa mata yatsunta za su riƙa ɓata hanya, gara ya wanke nata. Na bar masa gangar jikin. Rumbun da ɗan yatsan na ƙulle a lalitata na ɗaura a ƙugu, da su na yi salla, da su na kwana.

Washegari na zauna na ga ya mayar da komai, ƙusoshin nan kaf suka koma, murfin gwangwanina ya dawo wayam. Ya danna, gilashi ya yi haske, fankar na juyawa ba a ko jin ta. Ya sa na maimaita abin da ya ce kamar mai hadda: ba katifa, ba tabarma mai ƙura, abu mai tauri a ƙarƙashi, kada a rufe shi da komai in yana aiki, in ya yi zafi a kashe shi a bar shi ya huta. Na ba shi farin goro na zaɓe wanda na riƙo tun daga gida. Mai caja ya leƙo, na ba shi ɗaya shi ma, ja, ƙarami.

Dawowa ba wani labari. Ba rago, kuma ma'aikacin Kwangwalam ba shi ne a bakin aiki ba, na so ya ga majinyacin ya tashi. Daga Matamai na ga an yi ruwa a bayana, mutane duk sun fita shuka. Na iso Durum rana na shirin faɗuwa.

Hadiza ta karɓe shi ba ta ko bari na zauna ba. Ta ɗora a kan kujera ta danna. Na ga idonta na gudu a kan gilashin, ta ja ƙasa, ta ja, har ƙarshe. Sai ta kifa kai a gwiwa tana kuka. Na bar ta ta yi. Da ta ɗago na miƙa mata ɗan yatsan, na yi mata faɗan da na yi alkawari. Sannan na ce, "Ba wutar Isufu ba ce."

Ta ce, "Na sani, Iya."

Na ce me ta sani.

"Bayan tafiyarki ina shara na ga buhun goro a bayan randata. Buhun goro bai taɓa shiga ɗakina ba. Sau uku na ɗauki waya in ce ki gaya wa mai gyara, sau uku na ajiye."

"Don me?"

Ta sunkuyar da kai. "Wa zai ce miki kin yi kuskure?"

Aikinta na shekara biyu ne a hannuna, kuma ta gwammace ta rasa shi da ta faɗa mini wannan. Ni na raine ta haka, ina kuma alfahari da shi. Na ce ta kawo mini fura.

Da gari ya waye na yi salla, na ɗauki faifai. Na sa wayata a kai, na shiga ɗakin Rabi na karɓi tata, na leƙa gidan Ya Fanna na ce ta kawo tata ta kuma biyo ni. Na jira lokacin da mata ke wucewa rijiya, sannan na nufi rumfar Isufu. Yana zaune shi kaɗai, igiyoyin caji na reto ba komai a bakinsu. Ya gan ni ya miƙe.

Na ɗaga murya yadda na bakin hanya za su ji. Na ce, "Isufu, wutarka lafiya lau take. Ni na jiƙa injin Hadiza da buhun goro, na kuma yi shiru aka ɗora maka. Ka yafe mini."

Matan suka tsaya da bokitansu. Ya Fanna ta ce, "Ai ni dama na ce..." Na ce ba ta ce komai ba, ta yi shiru.

Isufu ya murza hularsa. Sannan ya ce, "Ya wuce, Iya. Allah ya yafe mu duka." Ya karɓi faifan ya jona wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Na ce ba inda za ni sai sun cika, na zauna a bencinsa na buɗe gorona a nan, inda duk mai wucewa zai gan ni. Kafin hantsi mata biyu sun koma gida sun ɗauko nasu.

Rana ta fara zafi, na ga babban batirinsa a ƙasa, na kai hannu na taɓa. Ya yi ɗumi. Isufu ya dubi hannuna, ya dubi jiƙaƙƙen buhun da ke kan gorona, ya matso a hankali ya tsaya a tsakaninsu.

Na ce, "Zauna, ɗan nan. Ɗaga shi za ka yi a kan bulo, ya sha iska ta ƙasa."

Ya ɗaga.